Sabunta Manhaja Yana Cikin Riƙon Amana

Sunayen masu ba da zakka da na mabuƙata amana ce da muke ajiyewa a kwamfutoci. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, ko Windows ko Chrome. Da zarar kamfani ya fitar da gyara, ɓarayin intanet ma sun san inda ɓarakar take, sai su far wa wanda ya yi jinkiri. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da wani gyara. A watan Mayu manhajar ɓarna ta WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Saboda haka muke roƙon kwamitocin masallatai su riƙa sabuntawa a ranar da sanarwa ta iso. Rigakafi ya fi magani.