Faifan Gem da Gem ɗin Saukewa: Ciniki Ne Ko Haya?

A garin Bauchi, duk wanda ya bi ta Wunti da la'asar, ko ya ratsa Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suka yi yawa, ba zai rasa ganin gidajen gem ba, samari jere bisa benci ana ta gardama a kan ƙwallon PES da FIFA. Amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa tambayar inda wasan yake ajiye, balle su tambayi ko wane ne mai shi a haƙiƙa.

Sa'ad da na'urar Nintendo ta fito a Japan cikin 1983, wadda jabunta suka cika kasuwanninmu daga baya, wasa a cikin kaset yake, in ya ƙi tashi yaro ya zare shi, ya hura masa iska, ya mayar. Sa'an nan Sony ta kawo PlayStation a 1994 da faifan CD, mai bi mata ta zo a 2000 da DVD mai ɗaukar gigabayit 4.7. Faifai yana da aibinsa, gama ƙurar hunturu da hannun yara ba su raga masa, kuma wanda ya taɓa ganin mai shago yana yi masa huci, yana goge shi da gefen riga, yana karkata shi ga haske don ya ga zurfin karcewar, ya san wahalarsa. Duk da haka abin hannu ne: ka ara wa maƙwabci, ka yi musaya da ciko, in aljihu ya bushe ka kai shi kasuwa.

A 2020 aka fitar da PlayStation 5 iri biyu, ɗaya ba ta da bakin saka faifai ko kaɗan, sai dai a sauke wasa ta intanet zuwa rumbunta. Ga mutumin Turai wannan rahama ce; amma ga mutumin Bauchi, wanda babban wasa guda kan ci masa gigabayit 100, alhali hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wuta kuwa tana iya ɗaukewa aiki bai kai rabi ba, kuma kantin Sony na intanet bai sa Nijeriya cikin ƙasashensa ba, sai ya buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila ya sayi kati da dala, lalle rahamar ta zo da sharuɗɗa masu nauyi. Shi ya sa sana'ar masu loda gem ta kafu, ka kai musu na'ura su cika maka ita. Hukuncin wannan kuwa na bar wa malamai.

Fuƙaha'unmu tun dā sun rarrabe tsakanin bai'i, inda zatin abu yake komawa mulkin mai saye, da ijara, inda manfa'arsa kaɗai yake samu. To, wanda ya biya kuɗin wasan saukewa izinin amfani aka ba shi, ba ya sayarwa, ba ya kyauta da shi, bisa sharuɗɗan kamfanonin ma ba ya shiga rabon gado. Har jihar Kaliforniya ta Amurka ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2025, cewa dole a bayyana wa mai saye haka.

Sai dai faifan ma ya fara rasa darajarsa, domin da kamfanin Ubisoft ya rufe kwamfutocin da ke riƙe da wasansa The Crew a ƙarshen Maris 2024, mai faifai da marar faifai duk tare suka rasa shi. A 2025 kuma aka fara sayar da wasu katunan Nintendo Switch 2 waɗanda babu wasan a cikinsu, mabuɗin saukewa ne kawai, an rubuta haka a jikin kwalin.