Ɗalibin Jami'a da Katin Zaɓe: A Ina Rumfarka Take?

A kundin masu zaɓe da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar gab da zaɓen 2023 akwai sunayen mutum sama da miliyan 93. Fiye da miliyan 26 daga cikinsu ɗalibai ne, sun fi manoma yawa, sun fi 'yan kasuwa. Amma ranar 25 ga Fabrairu, duk ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai miliyan 25 ba. Wato ɗaliban da ke cikin kundin kaɗai sun fi dukkan ƙuri'un yawa.

Ba rashin kishi kaɗai ya jawo haka ba. Ɗalibi mutum ne mai gida biyu, ƙuri'a kuwa ba a kaɗa ta sai a rumfar da sunan mutum yake. Yarinyar da ta yi rajista a Gusau tana karatu a Jami'ar Maiduguri, katinta ba zai yi mata aiki a Maiduguri ba, domin na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da ke kowace rumfa mutanen rumfar kaɗai ta sani.

Abin da ya faru a 2022 ya isa darasi. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, rajista kuma aka rufe ta ranar 31 ga Yuli, don haka ɗalibai da dama a gida suka yi tasu. Da aka fara raba katuna a Disamba, an riga an koma aji. Kati kuwa ba a karɓar wa mutum, sai ya je da ƙafarsa. Wanda ba shi da kuɗin mota, ko jarrabawa ta riƙe shi, nasa katin a ofishin hukumar ya kwana. Daga baya hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris na 2023 saboda zaɓe, sai waɗanda suka yi rajista a makaranta su ma lissafi ya rikice musu.

Doka ta ba ɗan ƙasa mai shekara 18 damar yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko garinsu na asali. Saboda haka kafin ɗalibi ya cike komai, ya fara tambayar kansa: ranar zaɓe a ina zan wayi gari? Wanda iyayensa ke kiransa gida duk lokacin da siyasa ta ɗau zafi, gida ya dace da shi. Wanda ke zaune a garin da jami'arsa take, nan ne wurinsa.

Ana iya fara cike bayanai ta shafin INEC na intanet, amma rajista ba ta cika sai an je an ɗauki hoto da zanen yatsu. Mai kati kuma kada ya sake sabuwa, laifi ne, kuma na'ura na gano ta; sama da rajista miliyan 2 aka soke kafin zaɓen 2023. Abin da ya kamata shi ne ya nemi a sauya masa rumfa tun kafin wa'adi ya cika. Tun ran gini, tun ran zane.

Kuɗin makaranta, bashin karatu na NELFUND, da ko yajin aiki zai ƙare ko zai daɗe, duk a hannun zaɓaɓɓu suke. Ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai su matsa a kawo wuraren rajista da rabon kati cikin harabar jami'o'i, kowane ɗalibi kuma ya duba inda rumfarsa take tun a wannan zangon karatu.