Gilashin Mota Ya Tsage: Nawa Inshora Za Ta Biya, Nawa Zai Fito Daga Jakarki?

Tsakuwar da ke jawo wannan asara sau da yawa ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Tayar tifa ko tirela ce za ta harbo ta, a ji "ƙas", a duba a ga ɗan tabo kamar tauraro a gilashin gaba. Sai a ce Allah ya tsare, a ci gaba da kai yara makaranta da Islamiyya. Bayan 'yan makonni tabon ya zama layi, layin ya miƙe har gaban direba. A lokacin ne ake tuna cewa ai motar tana da inshora, kuma a lokacin ne mutane da yawa ke jin abin da ba su zata ba.

Uwargida, fara duba wace iri ce a hannunki. Idan ta naira 15,000 ce, wadda ake nuna wa 'yan sanda a hanya, to ki cire rai. Hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 tun Janairun 2023, ta kuma kai diyyar dukiya har naira miliyan 3, amma dukiyar wanda kika yi wa ɓarna ake nufi. Gilashinki ba ya ciki. Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar nauyin motarki, kuma hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 8 ke nan za ta ci aƙalla naira 400,000 a shekara.

To, wadda ta biya wannan kuɗi tana da haƙƙin tsammanin a sauya mata gilashi kyauta ko? Ba lallai ba. A cikin takardar yarjejeniya akwai wani layi da Turanci ke kira excess, wato kason da mai mota zai biya da kansa duk lokacin da ya nemi diyya, kafin kamfani ya cika sauran. Kamfanoni sun sa shi ne don kada a riƙa zuwa musu da kowane ɗan ƙwarzane, kuma don mai mota ya riƙa takatsantsan tunda shi ma zai ji a jikinsa.

Mu ɗauki misali. A ce takardarki ta ce kasonki naira 50,000 ne, sabon gilashi da kuɗin aiki suka kama 150,000. Kamfani zai ba da 100,000, ke ki cika. Idan kuwa liƙi kawai ake bukata na naira 20,000, ko sisi ba za su bayar ba, domin kuɗin bai ma kai kasonki ba. Wasu takardun ba sa yanke adadi ɗaya. Sai su ce kashi kaza cikin ɗari na diyyar ko naira kaza, duk wanda ya fi yawa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ya kamata ki karanta sau biyu, don kullum ɓangaren kamfani take karewa.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Ingila sun san wani tsarin daban. A can galibi gilashi yana da kasonsa na musamman, ƙasa da na haɗari. Liƙe ƙaramin tabo kan zama kyauta ko 'yan fam kaɗan, sauya gilashi gaba ɗaya kuwa ya ninka haka sau da yawa, yakan kai fam 100 ko fiye. Ba tausayi ne ya sa suka rage na liƙi ba, lissafi ne: gara su biya ƙaramin aiki yau da su sayi gilashi gobe. Amma akwai tarko. Idan kika kai motar wurin da ba su amince da shi ba, suna iya ƙara miki kaso ko su taƙaita abin da za su biya. Sannan a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, tabon da ya wuce milimita 10 daidai gaban direba yana iya kayar da mota, haka wanda ya wuce milimita 40 a sauran wurin da waifa ke sharewa. A jihar Florida ta Amurka kuma, doka ce ta hana cire wa mai cikakkiyar inshora kaso a kan gilashin gaba.

Mu a nan, abin da ya fi amfani shi ne a kama tabon tun yana ƙarami. Gilashin gaba falle biyu ne da wata roba a tsakiya. Idan na waje ne kawai ya fashe, kuma tabon bai kai bakin gilashi ba, ba ya kuma daidai idon direba, ana ɗura masa wani ruwan gam mai haske a busar da shi, aikin da ba ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya. Kafin ki samu zuwa, manna salatif fari a kai don kada ƙura da ruwa su shiga. Kada a watsa wa gilashin ruwan ɗumi da sanyin safiyar hunturu, kada kuma a ƙure masa sanyin mota bayan ya wuni cikin ranar Afrilu. Sauyin zafi da sanyi farat ɗaya shi ke ja wa tsaga tsawo, ramukan hanya su ƙarasa.

A nan zan yi magana da bakin ma'aikaciyar jinya, domin mu muke karɓar mutane bayan haɗari. Gilashin gaba ba tagar kallo ba ce kawai. Yana taimaka wa rufin mota ya tsaya idan ta kife, kuma a motoci da yawa a jikinsa jakar iska ta gefen fasinja ke jingina idan ta buɗe. Gilashin da aka manna da gam mara kyau yana iya ficewa a daidai lokacin da ake bukatarsa. Shi ya sa ba na jin daɗin jin an ce "mun samu mai araha" ba tare da an tambayi da me aka liƙa shi ba. A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja akwai masu aiki nagari, akwai kuma masu sauri. Ki tambayi mai gilashin awa nawa motar za ta tsaya kafin a tuƙa ta. Wanda ya ce ki tafi yanzu-yanzu ba tare da bayani ba, ki yi shakkarsa. Idan kuma motar ta zamani ce mai kyamara bayan madubin tsakiya, sai an sake saita kyamarar bayan sauya gilashi, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata a san wa zai biya.

Kuskuren da ke sa diyya ta salwanta shi ne a gyara tukuna sannan a tafi kamfani da rasit. Ki ɗauki hoton tabon da lambar motar da wayarki, ki sanar da su kafin kowa ya taɓa gilashin, domin takardun suna da wa'adin sanarwa, kuma kamfani kan so ya ga ɓarnar ya amince da farashin. Ki ajiye saƙon da kika aika musu.

Idan lokacin sabunta inshora ya zo, ko ke ce mai biya ko maigida, a tambaya a rubuce: nawa ne kason gilashi, ɗaya yake da na haɗari? Akwai iyakar abin da za su biya a kansa? Neman diyyar gilashi zai taɓa ragin da ake yi wa wanda bai nemi komai ba a shekara? Kamfanoni da yawa a Najeriya suna barin mutum ya ƙara kuɗi tun farko don a ɗauke masa kason gaba ɗaya. Ga mai yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna ko Abuja a bayan manyan motoci, ina ganin ya cancanci a yi lissafinsa. Ga wadda motarta ba ta wuce kasuwa da makaranta, wataƙila gara ta ware kuɗin a gefe.

Masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini suna da zaɓin takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda mahalarta ke tara gudummawa don tallafa wa juna. Amma ko a can a nemi layin kason a karanta kafin a sa hannu. Kuma kowace iri aka saya, a sa lambar motar a shafin askniid.org a tabbatar da cewa takardar ta gaskiya ce.