Yadda Ake Gyara Menu Na Shafin Intanet

A ce wani mai ɗinkin manyan riguna a unguwar Gobarau ya ba ka aikin gina masa shafin intanet. Abin da mai ziyara zai fara nema shi ne menu, wato jerin sunayen nan da ke saman shafi, waɗanda yake taɓawa su kai shi inda ya nufa. Aikinsu irin na ƙofofin birnin Katsina ne: Ƙofar Guga daban, Ƙofar Marusa daban, kowace da sunanta da inda take fitar da mutum.

Kafin ka taɓa launi, fara da rage yawa. Huɗu ko biyar sun isa: Farko, Riguna, Farashi, Tuntuɓe Mu. Idan da WordPress kake aiki, a yawancin tsofaffin jigogi za ka shiga Appearance, daga nan Menus, ka ja kowane suna da linzami ka ajiye shi inda ya dace. Wanda ka ɗan tura dama yakan koma ƙarƙashin na samansa, ta haka Babbar Riga da Kaftani za su ɓuya a cikin Riguna.

Sai rubutu, kuma nan ne masu gina shafukan Hausa suka fi tuntuɓe. Ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan babu su, waya takan aro harafin daga wani salo, sai ka ga ɓ ɗin Tuntuɓe ya fita daban da 'yan'uwansa, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinsa. Noto Sans na Google da Andika duk suna da su. Rubuta kalmar ɗanɗano ka gwada kafin ka zaɓa. Girman kuwa, kada ya gaza fiksel 16.

Launi da CSS ake sa shi. Ni ban yarda da rubutu ruwan toka a kan fari ba, komai kyansa a kwamfutar ofis, domin mai saye a tsakar rana zai duba, yana tsaye bakin titi. Ƙa'idar WCAG ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Fari a kan shuɗi mai duhu ya wuce haka nesa.

A kan waya jerin yakan naɗe ya koma layuka uku a kusurwa. Ba kowa ya san taɓa su ake yi ba, don haka rubuta Menu a gefensu. Kowane maɓalli ya samu faɗin da babban yatsa zai sauka a kai ba tare da ya taɓa maƙwabcinsa ba. Google ya ba da shawarar fiksel 48 a tsaye da kwance.

In ka gama, miƙa wa mai shagon wayarsa, ka ce ya nemo farashi da kansa, kada ka nuna masa. Duk inda ya tsaya yana lalube, koma ka gyara wurin kafin ka karɓi kuɗin aikinka.