Sujadar Kirista Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Akwai wata magana da takan taso a majalisun hira na Birnin Kebbi da Argungu duk sa'ad da lasifikar wata majami'a ta hana unguwa barci, wato a ce wai Kirista ba su da wata ibada sai kiɗa da rawa da ɗaga murya. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, masu faɗin haka sau da yawa ma'abota ilmi ne, waɗanda da za a yi wa addininsu irin wannan kuɗin goro, lalle da ba su yarda ba.

Wanda ya leƙa majami'ar Katolika da sassafe zai tarar da jama'a a durƙushe cikin natsuwa da tawali'u, Fada yana karanta addu'o'in da aka tsara tun ƙarnoni masu nisa, suna amsawa da lafazi ƙayyadadde, wata tsohuwa kuma tana jan carbi a gefe. Da harshen Latin ake wannan ibada har zuwa babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ta da harsunan jama'a, har da Hausa. 'Yan Katolika kuma sukan buɗe azuminsu na kwana 40 da shafa toka a goshi, domin ɗan Adam ya tuna asalinsa da makomarsa. Angilikan ma da littafi suke addu'a, wanda asalinsa ya koma 1549 a Ingila.

Amma 'yan ECWA, waɗanda suka samo tushe daga mishan na SIM da suka iso ƙasar nan a 1893, suka tsaya da ƙafarsu a 1954, da 'yan UMCA masu ƙarfi a ƙasar Zuru, su wa'azi ne ginshiƙin sujadarsu: mai bi yakan zo da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, yana bin fasto aya bayan aya, sa'an nan matan Zumunta su tashi da tulu da caki su rera waƙa da karin gida. Masu addu'a da ƙarfi baki ɗaya, masu raya dare, galibinsu 'yan Fentikos ne, waɗanda farkawarsu ta shahara daga Los Anjalas ta Amurka a 1906. Ga kuma masu fararen riguna na Kerubim da Serafim, da suka ɓullo a Ikko a 1925.

Su kansu Kirista suna da saɓani a kan wannan al'amari, kowane ɓangare da hujjarsa: mai shiru yana kafa dalili da umarnin Almasihu na yin addu'a a ɓoye ba don idon mutane ba, mai kiɗa kuwa yana kafa nasa da Zabura, inda aka yi umarni da yabon Ubangiji da ganga da ƙaho. Mu da muka san muhawarar ƙabalu da sadalu, muka ga masallata biyu a sahu ɗaya, wannan ya kama hannu wancan ya saki, alhali alƙiblarsu ɗaya, bai kamata fahimtar wannan ta yi mana wuya ba.

Saura batun ƙara, wanda haƙƙin maƙwabci ne, kuma a nan ne hukuma takan yi sakaci, ta yi shiru har rai ya ɓaci. Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin ƙungiyar Kirista ta CAN su zauna da majami'ar da aka yi kuka da ita, ita kaɗai, a kuma sa ƙa'idar lasifika ta hau kan kowa, majami'a da masallaci da gidan biki.