Wasiƙun sarakuna: Turai na gwanjon nata, gara na cin na Kudancin Kaduna

A Landan, gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's sun daɗe suna sayar da wasiƙun da sarakunan Turai suka rattaba wa hannu. Mai saye ba ya sakin kuɗinsa sai an tantance sa hannun, an kuma bayyana masa hannuwan da takardar ta ratsa. Kudancin Kaduna ma na da irin wannan dukiya, sai dai akan tarar da ita a tsofaffin akwatuna a gidajen sarauta, gara da danshi na yi mata ɓarna.

Musayar wasiƙa ba baƙuwar aba ba ce a fadojin Arewa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Hugh Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na IV a kan hulɗar ciniki. Bambancin shi ne, hatimi ne shaidar sarki a nan, ba sa hannu ba. Magatakarda ne ke rubutawa da Larabci, sau da yawa ba kwanan wata, galibi a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake gani idan an ɗaga ta ga haske. Da hatimi da salon rubutu da wannan alama masana ke rarrabe ta gaske da jabu.

Takardun masarautar Jama'a, wadda a da ke ƙarƙashin Zazzau, tarihi ne ya warwatsa su. Turawan mulki sun fara sa ta a lardin Nasarawa, a 1926 suka mayar da ita lardin Filato, sannan fadar ta koma Kafanchan a 1933 bayan isowar layin dogo. Shi ya sa mai bincike kan bi fayilolin larduna daban-daban a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma leƙa Gidan Arewa.

Darajar waɗannan takardu ta wuce kuɗi. Idan aka taso da batun iyakar masarauta ko gadon sarauta a Jama'a ko Kagoro ko Jaba, takardar naɗi ko wasiƙa mai hatimi na iya zama hujjar da kotu ko kwamitin bincike zai dogara da ita. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta lissafa rubuce-rubucen gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihin da ba a fitarwa waje sai da izini.

Sai dai dokar da ta tsare bakin iyaka ba ta kori gara ba. Ma'adanar Tarihi hukuma ce ta gwamnatin tarayya, don haka kuɗin da zai kai ma'aikatanta gidajen sarauta su ɗauki hoton takardun, su bar wa iyalai na asali, daga teburan Abuja zai fito.