Marayan da uwarsa ke raye

A 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, wani ɗan jaridar Ingila, John Langdon-Davies, da abokinsa Eric Muggeridge suka fito da wata dabara: mai hali ɗaya ya ɗauki nauyin yaro ɗaya da yaƙi ya tagayyara, ya riƙa biyan kuɗin cinsa da suturarsa, suna musayar wasiƙa. Asalin ƙungiyar Plan International ke nan. World Vision ta biyo baya a 1950, Compassion a 1952, su kuma da marayun yaƙin Koriya suka soma.

Dabarar ta karɓu, domin zuciya ta fi saurin karyewa a kan fuska ɗaya fiye da lissafin miliyoyi. A yau wata malamar makaranta a Kanada takan ware wasu kuɗi duk wata, a aiko mata da hoton yarinya daga Uganda ta manna a jikin firiji. Galibi kuɗin ba hannun yarinyar suke shiga ba. Plan da World Vision suna haɗa su wuri guda ne, a gina rijiya ko aji ko ɗakin shan magani a ƙauyen. Compassion ta fi kashewa a kan yaron kansa, ta hannun coci-cocin unguwa. Binciken da masanin tattalin arziki Bruce Wydick da abokan aikinsa suka fitar a 2013, a ƙasashe 6, ya nuna yaran da Compassion ta ɗauki nauyinsu sun zarce tsaransu da fiye da shekara guda ta karatu.

Sai dai wa ake kira maraya? A wurinmu, yaron da ya rasa uba kafin ya balaga. A lissafin UNICEF, wanda ya rasa ɗaya daga cikin iyayensa. Alƙalumanta na 2015 sun ce marayu miliyan 140 ne a duniya, amma kimanin miliyan 15 kaɗai suka rasa uwa da uba duka. Sauran suna da mai ce musu "ɗana".

A nan gizo ke saƙa. Mai bayarwa yana son ganin gini da gadaje jere, don haka kuɗi kan karkata zuwa gidajen marayu. Ƙungiyar Lumos ta kiyasta cewa kusan 8 cikin 10 na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su. A Kambodiya har abin ya zama sana'a, ana tara yara don masu yawon buɗe ido su gani su ajiye kuɗi. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000 kuwa ya gano cewa jariran da aka cire daga gidajen marayu aka miƙa wa iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi waɗanda aka bari kaifin ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mutane.

Mu dama riƙo muka gada: yaro ya koma gidan baffa ko gwaggo, da sunan mahaifinsa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala, wato riƙo a Musulunci, da sunanta. Ba na cewa riƙo ba shi da aibi. Kowa ya san 'yar riƙon da ke yini kan talla 'ya'yan gida na makaranta, da baffan da ya cinye gonar gado. Amma sau da yawa abin da gidan ya rasa kuɗin makaranta ne da kwanon masara.

Barista Zannah Mustapha ya fahimci haka. Makarantar Future Prowess da ya buɗe a Maiduguri a 2007 da ɗalibai 36 ta zaunar da 'ya'yan sojoji da na 'yan Boko Haram a aji ɗaya, karatu da abinci kyauta. Sannan ya waiwayi iyayensu mata da suka fita takaba, ya haɗa su ƙungiya suna koyon sana'a. A 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen.